Daga Gwaska Zuwa Bama: Yadda Na Karanta Takardar Sallamar Kakana

A ranar Asabar, 5 ga watan Mayun 2018, 'yan bindiga suka auka wa garin Gwaska da ke ƙasar Birnin Gwari, suka hallaka mutane aƙalla 45, suka kuma cinna wa gidaje wuta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba iyalansu haƙurin rashi. Daga cikin waɗanda ke da sauran shan ruwa a gaba a wannan rana har da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta tsira da zanen da ke jikinta da wani tsohon gwangwani da ta ƙulle a bakin mayafi.

Bayan 'yan makonni na je gaishe ta a gidan da ta sami mafaka a cikin garin Birnin Gwari. Da muka gama gaisawa da jajantawa, sai ta kwance bakin mayafin ta miƙo mini gwangwanin, ta ce, "Ungo, ɗan nan. Kai ne ka yi boko mai zurfi. Wannan shi ne abin da Baba ya bari, ni kuwa ƙafafuna sun gaji da gudu da shi. Ka duba mana, ka gaya mana gaskiyar jirgin nan da aka ce ya nutse da shi."

Mai karatu, a gidanmu tun muna yara abin da muka taso muka ji shi ne, kakanmu sojan ruwa ne a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, kuma jirginsu ya nutse a teku amma Allah Ya kuɓutar da shi. Ya rasu ina ƙaramin yaro, ban sami damar tambayarsa komai ba. Da na buɗe gwangwanin sai na tarar da ɗan littafin sallama daga aikin soja wanda gara ta ɗan taɓa gefensa, da wata takarda mai layi-layi cike da kwanakin wata da gajerun haruffa, da lambobin yabo guda uku, da wani ɗan ƙyalle mai zanen masu biyu a gicciye a kan wani abu mai kama da zobe.

Na ɗauki lokaci mai tsawo ina bibiyar waɗannan kaya, kuma abin da na gano ya sha bamban da abin da aka gaya mana. Na ga ya dace in baje shi a wannan fili, domin na tabbata akwai gidaje masu yawa a Arewa da ke ajiye da irin wannan gwangwani a ƙarƙashin gado ko a ƙasan adaka, ba tare da an san abin da ke ciki ba.

Shin akwai sojan ruwa a wancan zamani?

Tambayar farko da na yi wa kaina ke nan. Tarihi ya nuna cewa Nijeriya ba ta da rundunar sojan ruwa tata ta kanta a tsakanin 1939 da 1945. Sai a shekarar 1956 aka kafa ta. Abin da ake da shi kafin nan shi ne sashen jiragen ruwa na gwamnatin mulkin mallaka, mai kula da tashoshin jiragen ruwa da zirga-zirga a manyan koguna, sai kuma 'yan Afirka ta Yamma da ke aiki a jiragen fatauci na kamfanoni irin su Elder Dempster, da waɗanda rundunar ruwa ta Ingila ta ɗauka aiki a wasu tashoshi kamar Firitawun ta ƙasar Saliyo. Galibin waɗannan mutanen bakin teku ne da na bakin kogi. Ba a ce ba zai yiwu a sami mutumin dajin Birnin Gwari a cikinsu ba, amma fa abu ne mai wuya.

Takardar sojan ruwa kuma tana da kamanninta. Jerin sunayen jirage ake gani a cikinta, kowane da ranar shiga da ranar fita, har ma sansanonin da ke kan tudu sunan jirgi ake laƙaba musu. A takardun kakana babu sunan jirgi ko ɗaya. Abin da ke saman littafin shi ne haruffan R.W.A.F.F., wato rundunar sojan ƙasa ta Afirka ta Yamma wadda Lugga ya aza harsashinta a 1897. Lambarsa ta aiki ta fara da N.A., waɗanda wani daga cikin 'yan uwana ya taɓa fassara wa dangi da cewa farkon kalmar sojan ruwa ce a Turance. Alhali kuwa alama ce ta sojan da aka ɗauka a Nijeriya, kamar yadda ake sa G.C. ga na Gwalkwas, wato Gana ta yau, da S.L. ga na Saliyo.

Lambobin yabon ma sun ba da tasu shaidar. Biyu taurari ne masu tsini shida, ɗaya na shekarun 1939 zuwa 1945, ɗayan kuma Tauraron Bama, mai ƙyalle ja a tsakiya da ratsin shuɗi da ruwan goro a gefe. Ta uku mai da'ira ce, lambar yaƙi ta gama-gari. Babu Tauraron Atilantika, wanda aka fi ba mayaƙan teku. Sai dai a lura, Ingila ba ta zana sunayen masu su a jikin irin waɗannan lambobi na Yaƙi na Biyu ba, saboda haka lamba ita kaɗai ba ta isa hujja ba sai an haɗa ta da takarda.

Harshen da takarda ke magana da shi

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne, takardar soja ba da Turancin makaranta aka rubuta ta ba. Harshe ne na musamman na akawun soja, mai cike da taƙaitattun kalmomi, wanda ko Baturen da bai yi soja ba sai an fassara masa. Hausawa kan ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a nan ne ƙuƙumin ya kama mu.

A takarda mai layi-layi, a wani layi na shekarar 1945, an rubuta S.O.S. Shekaru da dama da suka wuce aka ba wani yaro ɗan sakandare a danginmu ya karanta, shi kuwa ya san cewa waɗannan haruffa su ne kiran neman agaji da jirgi ke yi in zai nutse. Nan take ya sanar da jama'a cewa ga shaidar nutsewar jirgin Kaka. Daga wannan rana labarin ya sami gindin zama, aka yi ta ƙara masa gishiri har ya zama tarihin gida.

A harshen akawun soja, S.O.S. na nufin an cire sunan mutum daga lissafin rukuninsa, ko don an canja masa wuri, ko don an kwantar da shi asibiti, ko don ya rasu. Kishiyarsa ita ce T.O.S., wato an shigar da shi cikin lissafi. A layin da ke sama da S.O.S. ɗin nan an rubuta Adm. Hosp., ma'ana an kwantar da shi a asibiti, bayan 'yan makonni kuma sai ga T.O.S., ya koma bakin aiki. Ciwo ya yi, ya warke. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a fagen yaƙin Bama cututtuka, musamman zazzaɓin cizon sauro da atini, sun kwantar da sojoji fiye da yadda harsashi ya kwantar da su.

Akwai kuma Emb. da Disemb., wato shiga jirgin ruwa da sauka daga cikinsa. Na kakana sun nuna ya shiga a Ikko a 1944 ya sauka a Bombai ta ƙasar Indiya, sannan ya sake shiga a 1946 ya dawo gida. Muƙaminsa Pte., wato farabiti, matakin ƙarshe a ƙasa. Da yawa daga cikin waɗannan muƙamai Hausa ta riga ta hadiye su ta mayar da su nata: kurtu, farabiti, kofur, saja, samanja, hafsa. Haka ma bariki da fareti da gadirum da bataliya. Hausa ita ce harshen ba da umarni a rundunar Nijeriya tun farkonta, har ana tilasta wa hafsoshin Turawa su ci jarrabawarta, daga nan ne ma aka sami irin Hausar nan da masana ke kira Barikanci. Abin lura shi ne, da Hausa aka yi wa kakana tsawa a filin fareti, amma da aka zo rubuta tarihin aikinsa, sai aka rubuta shi da harshen da bai iya karantawa ba. A gurbin sa hannu, babban yatsansa ya dangwala.

A ƙarshen littafin akwai gurbin hali, inda hafsa ke yanke hukunci da kalma ɗaya ko biyu. Matakai ne, mafi girma shi ne Exemplary, wato abin koyi, sai Very Good, sai Good, har zuwa ƙasa. Kakana ya sami na biyu. Wannan kalma tana da nauyi a wancan zamani, domin da ita tsohon soja ke neman aikin masinja ko ɗan doka ko mai gadi bayan ya dawo.

Suna da asali

Abu na biyu da ya tayar da ƙura a dangi shi ne sunan da ke jikin littafin. An rubuta sunansa na yanka, sai aka biyo shi da kalmar Gwari, babu sunan mahaifinsa. Wasu suka ce ashe mu Gwarawa ne, wasu suka ce takardar ma ba tasa ba ce. Amsar tana cikin al'adar bariki. Akawun soja kan haɗa sunan mutum da sunan garinsa ko ƙasarsa ko ƙabilarsa, shi ya sa jerin sunayen sojojin wancan zamani ke cike da irin su Audu Kano da Garba Sakkwato da Musa Bauci. Mutumin da ya ce daga Birnin Gwari ya fito, sai a datse Birnin a bar Gwari. Wani kuma Bagware ne na haƙiƙa, shi ma haka za a rubuta masa. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, kuma ba za a iya rarrabewa ba sai an dubi sauran gurabe. A gurbin ƙabila an rubuta wa kakana Hausa, a gurbin lardi an rubuta Zariya, sannan an siffanta tsagar fuskarsa yadda gwaggona ta tabbatar mini haka take. Da a ce ma binciken ya nuna mu Gwarawa ne, da ban ga abin ɓoyewa ba, domin sunan ƙasar tamu da kansa yana shaida zaman tare da auratayya na ɗaruruwan shekaru.

Sai kuma matsalar rubutu. Yawancin akawunan ba Hausawa ba ne, keken rubutunsu kuma ba shi da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Abin da kunnensu ya ji shi suke rubutawa. Mamman ko Muhammadu ya koma Momo ko Momodu, Ibrahim ya koma Braima, Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu. Mutum ɗaya na iya bayyana da rubutu iri uku a takardu uku. Don haka lambar aiki ta fi suna amfani ga mai bincike, domin ita ba ta canjawa. Shekarun haihuwa ma kada a riƙe su da ƙarfi, likita ne ke duban mutum ya ƙiyasta.

Akwai wani tarkon da ya shafi masu sauraro na yau. Bahaushe bai furta sunan ƙasar Burma yadda Bature ke furtawa ba, Bama ya ce. Na sha jin matasa suna zaton Bama ta Jihar Barno ake nufi idan an ce wane ya je Yaƙin Bama. Ƙasar da ake nufi tana gabashin Indiya, ita ce ake kira Myanmar tun 1989.

Gammo da masu

Layin da ya fi kowane nauyi a wurina shi ne na rukunin da ya yi aiki. An rubuta Aux. Gp., wato rukunin mataimaka. Da na bincika sai na gane cewa waɗannan su ne sojojin da aikinsu ɗaukar kaya a ka. A taƙaice dai, kakana, wanda muka ɗauka sojan ruwa ne, ɗan dako ne mai kaki.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, da farko jikina ya yi sanyi. Sai da na koma kan tarihin yaƙin na fahimci abin da wannan aiki yake nufi. 'Yan Nijeriya fiye da 100,000 ne suka sa kaki a wannan yaƙi. Na farko sun tafi Afirka ta Gabas a 1940, suka yaƙi Italiya, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, suka nausa cikin Habasha. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu domin yaƙar Japan a Bama, Runduna ta 81 da Runduna ta 82. Alamar ta 81 baƙin gizo-gizo ce a kan rawaya, an ɗauko ta daga tatsuniyoyin Ashanti, inda gizo-gizo ke da wayo irin na Gizo namu na Ƙoƙi. Alamar ta 82 kuwa ita ce wadda na tarar a gwangwani. Abin nan mai kama da zobe da masu biyu suka gicciya a kansa ashe gammo ne. Runduna guda sukutum ta ɗauki gammon ɗan dako ta mayar da shi tambarinta.

Dalili kuwa shi ne yanayin ƙasar. Yankin Arakan, wanda yau ake kira Rakhine, duwatsu ne masu tsayi da kurmi mai duhu, babu hanyar mota, wani wurin ko alfadari ba ya iya bi. Jiragen sama ke jefo abinci da harsasai da lema, daga nan kuma sai kan mutum. 'Yan dakon nan su ke ɗaukar harsashi da abinci da na'urar oba-oba da sassan igwa da aka kwakkwance, su ke sare daji da adda a buɗe hanya, su ke share filin da ƙananan jirage za su sauka, su ke ɗauko waɗanda suka ji rauni. Galibinsu ba su da makami sai addar nan, alhali harsashin Japanawa bai san bambancin mai bindiga da mai gammo ba.

Runduna ta 82 ta shiga fagen daga a watan Disambar 1944 ta kwarin kogin Kalapanzin, ta haɗu da 'yar uwarta ta 81 a Myohaung a watan Janairun 1945, sannan ta ci gaba da turawa kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk da An. Idan waɗannan sunaye sun yi wa mai karatu kama da waɗanda ya sani, to, bai yi kuskure ba. Barikin Kalapanzin da Barikin Dalet suna Kaduna, Letmauk yana Ibadan, Arakan da Tamandu da Myohaung da An suna Legas, haka nan Dodan, wanda kunnen Bahaushe ya mayar Dodo. Barikin Chindit na Zariya kuwa yana tuna bataliyoyin Nijeriya uku da suka yi yaƙi a bayan layin Japanawa a 1944 cikin rundunar Janar Wingate. Kullum muna wucewa ta ƙofar waɗannan barikoki, amma 'yan kaɗan ne suka san cewa sunayen wuraren da kakanninmu suka zubar da gumi da jini ne.

To, ina ruwan ya fito?

Da na kawo nan sai na tambayi kaina, shin kakana ƙarya ya yi? Na koma wurin gwaggona da sauran tsofaffin da suka san shi, na roƙe su su faɗa mini ainihin kalmomin da suka ji daga bakinsa. Sai ta bayyana cewa babu wanda ya taɓa jin ya kira kansa sojan ruwa. Abin da yakan ce shi ne sun yi makonni a cikin ruwan da ba a ganin gaɓarsa, kuma yaƙinsu a cikin ruwa suka yi shi, ruwa a sama ruwa a ƙasa. Yakan kuma ba da labarin wani kogi da ke cika ya janye sau biyu a yini, wani lokaci ma ya juya yana gudu baya. Mutanen Gwaska, waɗanda kogin Mariga ne babban ruwan da suka sani, sukan yi dariya su ce zuƙi-ta-mallen 'yan bariki ce.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Makonnin teku suna nan a rubuce tsakanin Ikko da Bombai. Gaɓar Arakan kuwa cike take da rafuffukan da ke haɗe da teku, waɗanda ke cika su janye tare da tumbatsar teku da janyewarta, kuma yankin yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan ruwan sama a duniya. Sojoji sun sha ratsa waɗannan rafuffuka da ƙafa da kwale-kwale, da kaya a ka. Masu sauraro ne suka haɗa soja da ruwa suka haifi sojan ruwa, yaron sakandare kuma ya zo ya nutsar da jirgin.

Darasin da na koya a nan shi ne, takarda da baki kowanne yana da rabin labari. Takarda ta san rana da wata da lamba, amma ba ta san abin da idon mutum ya gani ba. Baki ya adana abin da ido ya gani, amma yana sauya kama duk lokacin da ya ratsa wani kunne. Wanda ya riƙe ɗaya ya yar da ɗaya, zai yi wa mamaci ƙarya ko da da kyakkyawar niyya ne.

Abin da takarda ta yi shiru a kansa

Littafin ya nuna an ɗauke shi a 1942, amma bai faɗi yadda aka yi ya shiga ba. A hukumance sa kai ake yi, sai dai masana tarihi irin su David Killingray, a littafinsa na 2010 kan sojojin Afirka a wannan yaƙi, sun nuna yadda aka riƙa matsa wa sarakuna da hakimai su kawo mutane. A tsakanin 1942 da 1944 ne kuma aka yi ta kwasar talakawan Arewa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos. Saurayin ƙauye a wannan lokaci zaɓinsa kaɗan ne.

Takardar ba ta kuma faɗi bambancin da aka nuna musu ba. Hafsoshi kusan duk Turawa ne, har sai da aka riƙa ba da labarin Seth Anthony na Gwalkwas, wanda ya zama hafsa a 1942, a matsayin abin al'ajabi. A 2019 wani binciken 'yan jarida ya bankaɗo takardar 1945 da ta shafi rundunonin Afirka ta Gabas, inda aka ƙayyade wa farabiti Bature kuɗin sallama sule 10 a kan kowane watan aiki, baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi kuwa sule 3 da sisi. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe rainon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a tuna da su da sunayensu ba. Idan masu riƙe da littafi sun yi irin wannan sakaci da matattu, wa zai tsaya wa tarihin waɗanda suka dawo da rai in ba jikokinsu ba?

Ga mai son bin sawu

Shawarata ta farko ita ce a ɗauki hoton kowane shafi da waya tun yau, a tura wa 'yan uwa biyu ko uku da ke garuruwa daban-daban. Kada a kai takardar shago a manne ta cikin leda da zafi, domin hakan na lalata tsohuwar takarda kuma ba ya kwantuwa. A sa ta cikin ambulan mai tsabta, nesa da danshi da gara.

Ta biyu, a riga takarda zuwa wurin tsofaffi. A naɗi muryarsu kafin a gaya musu abin da aka karanta, don kada abin da aka karanta ya gurɓata abin da suka tuna. A tambayi ainihin kalmomin da tsohon sojan ya yi amfani da su.

Ta uku, a kwafe lambar aiki da sunan rukuni daidai yadda suke. Da sunan rukuni ake gano inda mutum ya taka, domin kowane rukuni yana da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum, kuma waɗannan littattafai suna ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew, na Bama a jerin WO 172, na Afirka ta Yamma a jerin WO 173. Da wuya a ga sunan farabiti a ciki, amma za a ga inda rukuninsa ya kwana a ranar da takardarsa ta ambata. A nan gida akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, mai ɗauke da fayilolin larduna, da Arewa House, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a watan Janairun 1939 kuma ta yi ta kawo labaran yaƙin da Hausa. Wanda kakansa bai dawo ba, ya nemi sunansa a intanet a rumbun hukumar kaburburan nan, yana gwada rubutu iri-iri. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon akwai ginin tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu. Mai son karatu kuma ya nemi War Bush na John Hamilton, wanda ya fito a 2001, da Another Man's War na Barnaby Phillips na 2014, wanda ya ba da labarin Isaac Fadoyebo, sojan Nijeriya da wani iyali a Arakan suka ɓoye bayan an harbe shi.

Ina kuma kira ga jami'o'inmu, musamman sassan tarihi da na harsunan Nijeriya, da masarautunmu, da ƙungiyar tsofaffin sojoji, su haɗa hannu su tattara hotunan waɗannan takardu, su kuma fitar da ɗan ƙaramin ƙamus na taƙaitattun kalmomin soja da Hausa. Aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya yi da kuɗi kaɗan. A fara da yankunan da rikici ya ɗaiɗaita, irin su Birnin Gwari da Zamfara da kudancin Katsina, inda kowane gida da aka ƙona ya tafi da abin da ke cikin adakarsa. Gwangwaninmu ya tsira ne kawai domin wata tsohuwa ta tuna da shi a lokacin da kowa ke ta kansa.

Da na kammala, na koma na zauna gaban gwaggona na warware mata komai. Wasu daga cikin dangi ba su ji daɗi ba, sun fi son sojan ruwan da jirginsa ya nutse. Ita kuwa ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, shi ya sa. Baba bai taɓa barin mai kaya a ka ya wuce ƙofar gidanmu bai sauke shi ya ba shi ruwa ba. Mu kuwa muna cewa tsabar son mutane ne." Can kuma ta ɗago kai ta ce, "Amma dai ya shiga jirgin ko?" Na ce, "Ya shiga, Gwaggo, zuwa da dawowa, kuma bai nutse ba." Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka rubuta wa yara yadda yake."

Umarninta nake cikawa. Allah Ya jiƙan mazan jiya, masu bindiga da masu gammo, Ya kuma dawo mana da dawwamammen zaman lafiya a ƙasar Birnin Gwari da Arewa baki ɗaya, amin.